NAZARI: Kaya a hannun mai saye, makulli a hannun kamfani

A da, hulɗar mai ƙera kaya da mai saye tana ƙarewa ne a bakin kanti: a biya, a ɗauka, kowa ya kama gabansa. Wayar salula ta rushe wannan tsari. Kamfanin M-KOPA, wanda aka kafa a Nairobi a 2011, ya fara ne da sayar da fitilu masu aiki da hasken rana, waɗanda aka dasa wa layin waya a ciki. Mai saye zai ba da kafin alƙalami, sannan ya riƙa tura 'yan kuɗi kullum ta M-PESA. Ranar da kuɗi bai shiga ba, sai a kashe fitilar daga nesa. Ranar da ya kammala biya, kaya ya zama nasa.

Dabarar ta karɓu, kuma ba a banza ba. Talakan da banki ba ya ko kallo ya samu bashi, domin kayan da kansa ne jingina. Sai dai abin da kamfanin ke tarawa ya fi fitilar daraja, wato tarihin biyan kowane mutum, wanda a kansa ake yi masa tayin sabon rance da inshorar lafiya. Tun 2023 M-KOPA ke harhaɗa wayoyin zamani a Nairobi yana sayarwa da irin wannan sharaɗi, kuma shi da takwaransa Sun King duk suna kasuwanci a Najeriya. Masana'anta ta zama mai ba da bashi, ba tare da ta sauya suna ba.

Inda wannan hanya ke kaiwa ya bayyana a kamfanin John Deere na Amurka, mai ƙera taraktoci da ke aika bayanansu ta hanyar sadarwar waya. A 2022, da aka sace injinansa a garin Melitopol na Yukiren aka kai su Chechnya, an kulle su daga nesa, duniya kuwa ta yi tafi. Amma ikon da ya hana ɓarawo shi ne ke ɗaure manomi: a Janairun 2025 hukumar FTC ta maka kamfanin a kotu, bisa zargin hana manoma da kanikawa masu zaman kansu cikakkiyar manhajar gyara.

A Najeriya akwai hukumar FCCPC mai kare masu saye, akwai kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023. Abin da ya kamata su tilasta ba shi da sarƙaƙiya. A rubuta jimillar kuɗin biyan kullum kusa da farashin lakadan, a fayyace kwanakin uzuri kafin kullewa, a kuma bayyana wa ake bai wa bayanan mai saye. Ɗan acaɓan da aka kulle wa waya saboda bashin kwana biyu, da wayar yake samun fasinjan da zai ba shi kuɗin biyan bashin.