Haƙƙin Kare da Kyanwa a Kan Mai Gida

A cikin shekarun da na yi ina aikin likitancin dabbobi, tun ina bin ruga-ruga da akwatin allura a bayan babur har Allah ya kawo ni zama a asibitin cikin gari, akwai wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato mutumin da idan ragonsa na layya ya ƙi taɓa dusa da safe kafin azahar ya ɗoro shi a mota ya kawo mana, shi ne kuma wanda karensa zai yi wata guda yana ramewa a ƙofar gida, haƙarƙarinsa a waje, kunnuwansa sun cika da kaska, alhali kullum sai ya tsallake shi ya fita, bai taɓa kawo wa ransa cewa akwai abin da ya wajaba a kansa ba. Dalilin wannan bambanci a fili yake. Rago dukiya ne, idan ya mutu an yi hasara da za a lissafa da naira. Kare da kyanwa kuwa muna cin moriyarsu, wannan ya yi mana gadi da dare, waccan ta raba mu da ɓera a rumbu da kanti, amma ba mu sa su cikin lissafin abin da muka mallaka ba, balle cikin lissafin abin da za a tambaye mu.

Na san abin da mai karatu zai fara cewa, shi ne kare abin ƙyama ne, mutumin kirki ba ya hulɗa da shi. To, bari mu duba mas'alar a inda muka koye ta, wato a zaure. A mazhabar Imamu Malik, wadda akasarin mutanen ƙasar nan suka tashi a kanta, duk mai rai mai tsarki ne, har da kare da yawunsa, wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai kuwa malamai sun ɗauke shi ta'abbudi ne. Kuma shari'a ta yi rangwamen riƙe shi saboda farauta da kiwo da tsaron gona. Wanda ya bi ra'ayin waɗanda suka ce najasa ne, babu mai hana shi, sai dai ya sani najasar abu ba ta kayar da haƙƙinsa, domin fuƙaha'u sun wajabta wa mutum ciyar da dabbar da ke ƙarƙashin mulkinsa. Ko yaron makarantar allo ya ji labarin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba, ya kuma ji na mutumin da aka gafarta wa saboda ya shiga rijiya ya ɗebo wa kare ruwa. Babu wanda aka tilasta wa ya ajiye kare. Amma ranar da ka karɓi ɗan kwikwiyo daga hannun maƙwabci ka sa shi a zaurenka, ka ɗauki amana.

Farkon wannan amana ruwa ne da inuwa. Kare ba ya gumi irin namu, da haki yake sanyaya jikinsa, saboda haka wanda ya ɗaure shi da sarƙa a jikin ƙarfe a tsakiyar bazara, babu rumfa, babu kasko da ruwa, yana iya dawowa daga kasuwa ya tarar da shi ya miƙe. Batun abinci kuwa, sauran tuwo da ƙanzo suna riƙe ran kare, amma ba sa gina shi sai an haɗa da ɗan abin da ya danganci nama ko kifi, dafaffe, ba gawar da aka yar a juji ba. A kuma kiyayi dafaffen ƙashin kaza, wanda ke tsagewa kamar tsinke ya soke hanji, da abincin da albasa ta yi yawa a ciki, domin albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare da na kyanwa. Ita kyanwa ma lamarinta ya fi tsanani, don an halicce ta maciyiyar nama ce, idan aka tsare ta a ɗaki kan tuwo da madara kaɗai, a hankali ganinta ya raunana, zuciyarta ta yi rauni, madarar ma sau da yawa zawo take sa babbar kyanwa.

Abin da ya fi yunwa kashe mana dabbobi a cikin gari shi ne magani da ka. Wata rana da hantsi wani yaro, wanda ba zai wuce shekara goma sha biyu ba, ya shigo mini da kyanwa a cikin kwali, ya lulluɓe ta da tsohon ɗankwali. Da na buɗe sai na ga fuskarta ta kumbura, tafukan ƙafafunta ma haka, tana numfashi sama-sama, da na ɗaga leɓenta kuwa na tarar dasashin da ya kamata ya zama ja ya koma ruwan ƙasa. Na ce, “Samari, me aka ba ta?” Ya ce, “Likita, Inna ce ta ga ba ta cin abinci, ta ce zazzaɓi ne, ta ɓantara mata farasitamol jiya da dare, ta ƙara mata da asuba.” Tausayi ne ya sa wannan baiwar Allah ta yi haka, ba mugunta ba, sai dai ba ta san cewa hantar kyanwa ba ta da ikon sarrafa wannan magani kamar tamu, yana shiga sai ya juya jininta ya kasa ɗaukar iska, har ƙwaya guda tana iya yin kisa. Mun yi iyakar ƙoƙarinmu, amma kafin la'asar ta mutu, yaron ya ɗauki kwalinsa yana share hawaye da hannun riga. Tun daga ranar, duk wanda ya zo wurina da kyanwa, ko da allura kawai ya kawo ta, ba ya fita sai na gaya masa kada ya kuskura ya ba dabba maganin mutane daga kemis sai da izinin malamin dabbobi.

Irin wannan ɓarna ake yi wajen kaska da ƙuma da ƙazwa. Akwai wani dattijo mafarauci, wanda ya san karnukansa ɗaya-ɗaya da suna da hali, da ya taɓa kawo mini karyarsa an shafe ta da baƙin mai tun daga wuya har wutsiya, tana rawar jiki, tana dalalar da yawu. Na ce, “Baba, wa ya ba da wannan shawara?” Ya ce haka suka ga ana yi, kuma da ya ga kaskar ba ta faɗi ba ya ƙara da ɗan fiya-fiya. Alhali fata tana shan guba kamar yadda ciki ke sha, ita dabbar kuma tana lasar jikinta. Sai da muka wanke ta da sabulu sau uku, muka yi mata allurar karya guba, Allah ya sa tana da sauran kwana. Kaska abar yaƙa ce ƙwarai, domin bayan shan jini tana ɗauke da cututtukan da ke sa zazzaɓi, dasashi ya yi fari, fitsari ya yi duhu, musamman da damina. Amma akwai magungunan da aka yi don wannan, da awonsu gwargwadon nauyin dabba, kuma na kare daban, na kyanwa daban, don akwai na kare wanda idan aka ɗiga wa kyanwa sai ta kama farfaɗiya. Kuma wanda ya wanke kare ya mayar da shi makwancin da kaska ta yi ƙwai a tsagar bango, ya yi aikin baban giwa.

Tsutsar ciki ba ta buƙatar dogon bayani. Ɗan kwikwiyo mai ƙaton ciki da busasshen gashi tsutsa ke cinsa, ana fara ba shi magani tun yana da mako 2, babba kuma duk bayan wata 3. A riƙa kwashe kashinsu daga tsakar gida, domin a wannan yashin ne yara ke wasa ba takalmi, su kuma kai hannu baki. Kazalika cutar nan mai sa 'yan kwikwiyo amai da zawon jini, wadda ke share ɗaki guda cikin mako, tana da rigakafi da ake farawa tun suna da mako 6 zuwa 8.

Duk wannan da na lissafa sharar fage ce ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami, wato haukan kare, domin a nan ne sakacin da aka yi wa dabba yake juyowa ya faɗa kan ɗan Adam. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan cuta tana kashe mutum kimanin 59,000 a kowace shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya, kashi 99 cikin ɗari ta hanyar kare suka kamu, kuma wajen kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, saboda su ne masu tsokanar kare, su ne kuma masu ɓoye cizo don tsoron duka. Ƙwayar cutar tana cikin yawu. Idan ta shiga ta wurin cizo ko yaƙushi sai ta bi jijiya sannu a hankali ta nufi ƙwaƙwalwa, galibi wata biyu zuwa uku, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara, mutum yana harkokinsa, rauni ya warke, an manta. Ranar da alamu suka bayyana, marar lafiya yana ƙishirwa amma da ya ga ruwa sai maƙogwaronsa ya shaƙe, to kusan babu wanda ke tashi. Amma a tsakanin cizo da wannan rana akwai ƙofa a buɗe, wadda wani masani Bafaranshe, Luwi Fastur, ya fara nuna wa duniya a ranar 6 ga Yuli, 1885, da ya yi wa wani yaro ɗan shekara 9 allura bayan mahaukacin kare ya cije shi, yaron kuma ya rayu.

Ba kowane mahaukacin kare ne ke gudu a titi yana cizon duk abin da ya gamu da shi ba. Akwai wanda zai yi laƙwas a kusurwa, muƙamuƙinsa ya saki, yawu na zuba, ya kasa haɗiya, har mai shi ya zaci ƙashi ne ya maƙale masa, ya zura hannu cikin bakinsa don ya ciro. Wannan kuskure ya jawo wa mutane da yawa halaka. Idan aka yi cizo, ko na kare ko na kyanwa, a bar batun ƙona gashin karen a shafa, a bar ɗaure wurin da tsumma. A wanke raunin da sabulu da ruwa mai yawa ana kwarara shi har minti 15, a sa aidin idan akwai, a kama hanyar asibiti a ranar, ba gobe ba. Masu tsoron allurar cibiya irin ta da su kwantar da hankalinsu, ta yanzu a damtse ake yi, 'yan ƙalilan ne kuma, sai dai wajibi ne a cika su. Karen da ya yi cizo, idan za a iya kama shi ba tare da haɗari ba, a tsare shi kwana 10 ana lura da shi, amma kada a jinkirta zuwa asibiti ana jiran abin da zai faru da shi. Idan kuwa an riga an kashe shi, kada a farfasa kan, a sanar da malamin dabbobi don a aika a bincika.

Maganin da ya fi dukan wannan sauƙi da araha yana wuyan karen kansa: allura guda idan ya kai wata 3, sa'an nan a maimaita kowace shekara, kuɗinta bai kama ƙafar abin da iyali za su kashe wajen allurar mutum ɗaya da aka ciza ba. Masana sun tabbatar cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan wani yanki rigakafi, aka dawwama a kai, cutar ba ta samun hanyar yaɗuwa. Mu kuwa ba baƙin irin wannan aiki ba ne. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom, a Jihar Filato, an kafa ta tun 1924 domin yaƙi da bushiya, annobar da ta taɓa share garkunan Fulani. Iyayenmu suka riƙa kora shanu zuwa wurin allura shekara da shekaru, har a 2011 aka shelanta cewa an kawar da cutar daga doron ƙasa. Cibiyar nan tana cikin masu yin allurar haukan kare, ga kuma likitocin da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da sauran jami'o'i ke yayewa. Abin da ya rage shi ne a kawo karnukan, kuma a nan nake roƙon masu unguwanni da limamai da sarakunan farauta, waɗanda maganarsu ta fi ta likita shiga kunne, da su sa baki, musamman idan 28 ga Satumba ta gabato, ranar da duniya ta keɓe don tunawa da wannan cuta.

Dattijon nan mafarauci, bayan karyarsa ta warware, na yi masa wannan bayani a tsaye a bakin ƙofa. Ya yi shiru jim kaɗan, sa'an nan ya ce, “Likita, nawa guda shida ne, ga na yaran da muke fita daji tare, sun fi ashirin. In na tara su za ka zo?” Na ce, “Baba, ka sa rana.” Ya sa Asabar bayan sallar asuba, kafin rana ta yi zafi, a ƙarƙashin tsamiyar da ke bakin unguwarsu, ya ce kowane yaro zai riƙe nasa da igiya, ni kuma in zo da allurar cikin ƙanƙara da katin da za a rubuta wa kowane kare ranar dawowarsa baɗi.