Daga Mairama da Daudu Zuwa Wasan Kwamfuta: Wa Tauraro Yake So?

Akwai wani nau'in wasan kwamfuta da ya kamata mu ɗaliban adabi mu sa wa ido, wato wanda mai wasa ke shiga rigar tauraron labari. Shi zai zaɓi sunansa da kamanninsa, ya zaɓi ko namiji ne ko mace, sa'an nan ya shiga duniya ya yi yaƙi, ya yi fatauci, har ya nemi aure. To, a kan neman auren nan ne aka daɗe ana kai ruwa rana, domin wasu wasannin sun bar namiji ya nemi namiji, mace ta nemi mace. Tun 1998 wasan Fallout 2 ya buɗe wannan ƙofa, a 2007 kuwa hukumar Singafo ta hana sayar da Mass Effect na 'yan kwanaki a kan irin wannan batu.

Matsayin addini da na doka a ƙasarmu sananne ne ga mai karatu. Jihar Katsina ta ƙaddamar da shari'a a 2000, Shugaba Goodluck Jonathan kuma ya sa hannu a dokar hana auren jinsi a 2014. Wannan fagen malaman fiƙihu da alƙalai ne. Tambayata ta adabi ce: shin wanda ake nema a cikin wasan nan yana da ra'ayin kansa, ko kuwa duk wanda ya zo shi ke nan?

Shiga rigar wani jinsi ba baƙon abu ba ne a wasannin Bahaushe. A tashen Mairama da Daudu, yarinya ce ke sa riga da hula ta zama Daudu, 'yar'uwarta ta zama Mairama, su nuna yadda zaman miji da mata yake. A wasan gauta matan fada ne ke kwaikwayon sarki da hakimansa, har muryarsu da tafiyarsu. Ba a taɓa jin wanda ya ruɗe ya ɗauki yarinyar nan namiji ba, saboda Bahaushe ya san bambancin ɗan wasa da rigar da ya sa. Abin lura kuwa shi ne, rigar tana zuwa da halinta. Wadda ta zama Daudu dole ta yi abin da Daudu zai yi, in ta kauce 'yan kallo su gyara mata nan take.

Masu tsara wasannin kwamfuta sun rabu gida biyu. Gida na farko ya ce kowane tauraro ya so mai wasa ko wane ne shi. Haka abin yake a Skyrim na 2011, inda rataya wata laya a wuya ke sanar da cewa kana neman aure, da Baldur's Gate 3 na 2023. Haka ma Stardew Valley, wasan noma da Eric Barone ya fitar a 2016: mutum goma sha biyu ne ake iya aura, shida maza shida mata, kuma babbar hanyar samun kowannensu ita ce ka san kyautar da yake so ka riƙa kai masa sau biyu a mako har ma'aunin soyayya ya cika. Gida na biyu ya ba kowane tauraro abin da zuciyarsa ke so. A Dragon Age: Inquisition, na kamfanin BioWare na Kanada a 2014, jarumar nan Cassandra maza kawai take so, in mai wasa mace ce sai ta ba ta haƙuri cikin mutunci. Sera mata take so. Dorian kuwa maza yake so, kuma rikicinsa da mahaifinsa a kan haka shi ne jigon labarinsa.

A ganina gida na biyu ya fi sanin adabi, ko da mutum bai yarda da halin taurarin ba. Malamanmu sun koya mana cewa tauraro mai rai shi ne wanda za ka iya faɗin abin da ba zai taɓa yi ba. Wanda ke son kowa kuwa 'yartsana ce, inda aka ajiye ta nan take zama. Masu goyon bayan gida na farko suna cewa mutum ya sayi wasa da kuɗinsa, bai kamata a rufe masa ƙofa ba. Wannan hujjar ɗan kasuwa ce, kuma ita ce ta fi ba ni tsoro, domin tana koya wa yaro cewa “a'a” matsala ce da yawan kyauta ke warwarewa. Ko a zancen ƙauye ba haka ake yi ba. Saurayi yakan yi toshi shekara guda, budurwa ta mayar masa da kayansa ta hannun ƙanenta, ya haɗiye ya koma gida.

Me ya haɗa wannan da Batsari da Safana? Dandali ne makarantar da samari da 'yan mata ke koyon nema da ƙi da haƙuri, a gaban idon manya. A ƙauyukan da ke bakin dajin Rugu, ƙasar Sarkin Ruma da ta Yariman Katsina, hare-haren 'yan bindiga sun sa dare ya zama abin tsoro shekara da shekaru, iyalai da yawa kuma suka yi gudun hijira zuwa cikin garin Batsari da birnin Katsina. Ina gaɗa inda ake kwana da takalmi a ƙafa? Ina tashe, wanda da dare ake yin sa daga goma ga azumi? Abin da ya rage a hannun yaro shi ne waya. Ko ita an yanke layinta a watan Satumba na 2021 a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da waɗannan biyu, sai dai wasan da aka riga aka sauke ba ya bukatar layi. Gaskiya ne manyan wasannin da na ambata sai kwamfuta mai ƙarfi, amma Stardew Valley ya shiga wayoyin Android tun 2019. Ke nan ɗan manomin da aka raba da gonar ubansa yana iya shuka da girbi da aure duk a tafin hannunsa, shi kaɗai, ba ɗan kallon da zai ce masa ya kauce.

Ina kira ga Sashe da ya karɓi wasannin nan a cikin darasin wasan kwaikwayo, a auna jigonsu da taurarinsu da ma'aunin da muke auna Uwar Gulma. Waɗanda ke neman batun kundin digiri kuma, tsofaffin matan Ruma da Runka da suka yi Mairama da Daudu da ƙuruciyarsu suna nan da ransu, wasu ma a unguwannin birnin Katsina, kuɗin mota kaɗan ne tsakaninmu da su.