"Kwana Biyu" Ba Lissafi Ba Ne

Kalmar "tsawo" aiki biyu take yi a gidan likita. Akwai tsawon jiki, akwai kuma tsawon ciwo. Na farko da santimita ake auna shi, na biyu da kwanaki ake ƙidaya shi.

Awon jiki aikin ma'aikacin lafiya ne. Yaron da bai kai shekara 2 ba, kwantar da shi ake yi bisa allon awo. Wanda ya wuce haka, a tsaye ake auna shi. Akan kuma zagaya damtsen yaro da igiyar awo mai launi uku. In awon ya faɗa cikin ja, wato ƙasa da santimita 11 da rabi, tamowa ta yi tsanani.

Amma tsawon ciwo, babu igiyar da ke auna shi. Mutanen gida ne kaɗai suka san shi, kuma nan ne muke yin kuskure. Lokotoro ya tambaya: "Tun yaushe yake tari?" Sai mu ce: "Kwana biyu ke nan." A bakinmu, kwana biyu yana iya zama wata guda. Shi kuwa lokotoro yana iya rubuta 2 a takarda.

Bambancin ba ƙarami ba ne. Tarin da ya kai mako 2, dole a gwada kaki don neman tarin fuka. Zawon da ya kai kwana 14 ya wuce zawon yau da kullum, kulawa ta musamman yake bukata.

Magani ma yana da nasa tsawo. Ƙwayoyin masassarar cizon sauro kwana 3 ake sha cur. Maganin tarin fuka wata 6 ne. Wanda ya tsaya a hanya don ya ji sauƙi, ciwon yana iya dawowa, har ya daina jin magani.

Ba mu manta ranar da ruwan shuka ya sauka, to don me za mu manta ranar da yaro ya kwanta? Mu da muka koyi rubutu, mu rubuta ranar a littafinmu, mu taimaki maƙwabta su ma. Wanda bai iya ba, ya jefa tsakuwa ɗaya cikin ƙoƙo kowace safiya. In mun je likita, mu faɗi adadin kwanakin daidai.

Allah ya ba mu lafiya.