Tsadar dala da jitar lantarki: Me mai ƙaramin ƙarfi zai saya?

Duk matashin da ya ji yadda Bombino ko Mdou Moctar ke sarrafa jita, da wuya bai yi sha'awar mallakar tasa ba. Waɗannan mawaƙa biyu 'yan Jamhuriyar Nijar sun kai kiɗan Abzinawa har Turai da Amurka. A 2019 Bombino ya zama ɗan Nijar na farko da ya shiga takarar lambar yabo ta Grammy.

Sai dai ga matashi a Najeriya, farashi ya zama babban shinge. Kusan duk jitar lantarki da ke kasuwa daga waje ake shigo da ita, galibi daga China da Indonesiya, kuma da dala ake sayo ta.

Kafin Babban Bankin Najeriya ya saki naira a watan Yunin 2023, dala ɗaya tana kusan naira 460 a hukumance. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. A wannan farashi, jitar dala 200 ta kai naira 300,000 tun kafin a sa kuɗin jigila da na kwastan. Mafi ƙarancin albashi kuwa naira 70,000 ne, wato sama da albashin wata huɗu ke nan.

Wannan ne ya tura masu saye da dama zuwa kayan gwanjo da masu araha, inda kuskure ɗaya zai iya cinye tarin kuɗin shekara guda.

Suna ko inganci?

Tarkon farko shi ne sunan da ke rubuce a kan jitar. Fender da Gibson su ne manyan sunaye, shi ya sa aka fi yin jabunsu. Idan aka yi maka tayin sabuwar Fender a farashin ƙaramar waya, to ka san akwai lauje cikin naɗi.

Kamfanonin biyu suna da nasu masu sauƙin kuɗi na gaskiya: Squier ta Fender ce, Epiphone ta Gibson. Akwai kuma Yamaha Pacifica da masu koyo suka daɗe suna yabawa. Gara Squier ta gwanjo mai lafiya da sabuwar Fender ta bogi.

Wuya shi ne jita

Kafin ka biya kuɗi, ɗaga jitar ka hangi wuyanta daga ƙarshe zuwa ƙarshe kamar yadda kafinta ke duba katako. Ɗan lanƙwasa kaɗan ba laifi ba ne, domin akwai sandar ƙarfe a cikin wuyan da ake juyawa a daidaita shi. Amma wuyan da ya murɗe gefe, gyaransa na iya fin kuɗin jitar.

Wannan ya fi shafar mazauna Arewa. Jitar da ta zauna a Legas cikin laima, idan ta gamu da bushewar hunturu a Kano ko Sakkwato, katakonta yana tsukewa, bakin ƙarafan da ke jere a wuyan su fito suna yankar yatsa. Shafa hannunka a gefen wuyan ka ji.

Duba kuma tazarar tsirkiya da ƙarfe na 12. Kimanin milimita 2 ya isa. Idan ta yi nisa sosai, yatsun mai koyo za su yi ciwo har ya haƙura da kiɗan. Sauke manhajar saita sauti a wayarka, ka saita tsirkiyoyin shida, ka kaɗa na minti biyar, sannan ka sake gwadawa. Wadda ta sauka daga saiti nan take, bar ta.

Kada kuɗin ya ƙare a jita

Jitar lantarki ba ta da amo sai da amfilifaya. Mutane da yawa suna zuba duk abin da suka tara a jitar, su koma gida da kayan da ba a jin sautinsa. Tun farko ka ware kuɗin amfilifaya da waya da tsirkiyoyin canji da jaka. Inda wuta ba ta tsayawa, ƙaramar amfilifaya mai batir ta fi babba amfani.

Ka sa a haɗa maka jitar da amfilifaya a shagon. Maganaɗisun da ke ɗaukar sauti iri biyu ne. Siriri mai naɗi ɗaya yana ba da sauti garau irin na 'yan Agadas, amma yakan yi gunji. Mai naɗi biyu yana kashe gunjin, sautinsa ya fi kauri. Juya kowane maɓalli ka saurara ko akwai ƙarar tartsatsi.

Mdou Moctar da kansa ya haɗa jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke. Mai ƙaramin ƙarfi a yau ya fi shi zaɓi, matuƙar ya tafi kasuwa da wanda ya iya kiɗa, kuma bai biya kuɗin jitar da bai taɓa da hannunsa ba.