Sabon likita da wasan kwaikwayo

Akwai masu murtuke fuska da zarar an ce a horar da sababbin likitoci ta hanyar wasa. A ganinsu asibiti wurin rai da mutuwa ne, wasa kuwa na yara ne a dandali. To, sai su amsa tambaya ɗaya: saurayin da ya fito daga jami'ar Yamai ko ta Damagaram, aka turo shi asibitin Matamaye, a jikin wa zai yi kuskurensa na farko?

A watan Satumba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya cika ɗakin yara, uwa kan shigo da tsakar dare da goyonta yana jijjiga. Wuta ta ɗauke. Babban asibitin Damagaram na da nisa. Likita ya san sunan ciwon da faransanci, ya ci jarrabawa a kansa, amma uwar cewa take yi iska ne. Ba a koya masa yadda zai tambaye ta wane jiƙo aka ba yaron ba tare da ta ji an raina ta ba. Idan ta ji raini, ɓoyewa za ta yi, yaron ne zai ɗauki nauyin wannan ɓoyon.

Ƙasashen da masu sukar ke girmamawa sun daɗe da wuce wannan gardama. Tun 1960 kamfanin Laerdal na Norwai ya ƙera mutum-mutumin da ake koyon farfaɗo da numfashi a kansa. A 1963 wani likitan Amurka, Howard Barrows, ya fara horar da masu lafiya su kwaikwayi majinyata don ɗalibai su gwada kansu. A 2012 hukumar lafiya ta Faransa ta fitar da rahoto mai jaddada cewa kada gwajin farko ya kasance a jikin majinyaci.

Abin takaici, wasu masu goyon bayan ma sun karkata: sun ɗauka sai an sayo wasan kwamfuta daga Turai. Majinyacin da ke cikin wannan kwamfuta ba shi da suruka mai hana a yi wa mai naƙuda tiyata sai maigida ya dawo daga Kano.

Alhali kayan aikin na gida. Ƙasar da ta san wasan kara, inda matasa ke kwaikwayon sarki da gwamna har jama'a su gane kowa da tafiyarsa, ƙasar da ta yi dariya da wasannin Yazi Dogo, ba ta rasa wanda zai zama uban da ya ƙi a ƙara wa ɗiyarsa jini. Ƙungiyoyin al'adu na da ƴan wasa, malamai na iya rubuta labarin da hausa, tsohuwar ungozoma ta zauna gefe tana gyara. A yi, a kuskure, a sake, ba wanda aka kai makabarta. Ɗakin aji guda a hutun damina ya isa.