Kafin ku zagi ɗan aike, ku karanta takardar da aka ba shi



Kwanan baya an kawo mana sanarwar ɗaurin aure a gidan rediyo. An rubuta "gobe bayan Azahar, gidan Alhaji". Babu kwanan wata, babu unguwa, kuma takardar ta kwana biyu kafin ta iso hannuna. Da na karanta ta haka nan, da jama'a sun taru ranar da ba ita ba, kuma ni za a zaga. Wanga matsala ce yau ta shiga duniyar na'ura, shi ya sa na ce sai mun yi magana.

Kun san ƙirƙirarriyar basira, wadda ƴan lakwal ke ce ma IA. Da can hira take yi: ka tambaya, ta amsa. Yanzu an mai da ita ɗan aike. Tana tura saƙo, tana buɗe takardu, tana iya biyan kuɗi in an ba ta dama. A watan Yuni na 2023 kamfanin OpenAI ya buɗe hanyar da basirarsa za ta riƙa kiran wasu manhajoji, a Nuwamba 2024 kuma Anthropic ya fito da tsarin MCP don haɗa ta da kayan aiki iri-iri.

To ga abin da masu talla ba su cika faɗa ba. Ɗan aiken nan ba ya ganin cikin kayan aikin da aka miƙa mashi. Abu uku ake nuna mashi: sunan kayan, ƴan layukan bayani, da jerin guraben da zai cike. Da su yake yanke shawarar wanne zai ɗauka da yadda zai yi da shi. Kuma mutum ne ya rubuta bayanin nan, sau da yawa cikin gaggawa, bayan ya gama aikin da yake ganin shi ne babba.

Ku ɗauki misali daga kasuwarmu. Kayan aiki ne na tura kuɗi, an rubuta mashi gurbi guda: "adadi". Adadin mi? A Maraɗi in mace ta ce a tura ma ɗiyarta ɗari, dala ɗari take nufi, wato sefa 500. In ta ce jika biyu, sefa 2000 ne. Bayanin bai ce a lissafa da sefa ba, bai ce a tambayi mai kuɗin ba. Na'ura ta tura 100, wa ya yi laifi? Haka kwanan wata: 03/04 a wurinmu uku ga Afrilu ne, a Amurka huɗu ga Maris. Layi guda na bayani ya isa ya raba wannan gardama.

Na ji masu cewa ai na'urar tana da wayo, za ta gane. Wallahi wannan magana ta ragwaye ce. Wayonta ne ma haɗarin, don in ba ta samu bayani ba, sau da yawa sai ta cike gurbin da zato, kuma ta yi shi da ƙarfin hali kamar ta sani. Wasu kuma sun ce to a rubuta mata dogon littafi. Su ma sun kauce. Duk bayanan nan cikin kanta ake zuba su kafin ta fara aiki, wurin kuma yana da iyaka. Surutu ya yi yawa, sai abin da ke da muhimmanci ya nutse.

Ni dai ga ma'aunina. Bayani ya faɗi abin da kayan ke yi, da lokacin da bai kamata a taɓa shi ba. Ya faɗi irin lissafi da tsarin da kowane gurbi ke so. Ya faɗi abin da zai dawo, da abin da za a yi in aiki ya ƙi. Ya faɗi ƙarara in abu ne da ba a iya mayarwa, kamar goge takarda ko fitar da kuɗi. Sannan a gwada shi: a miƙa ma mutumin da bai taɓa ganin manhajar ba, in ya ruɗe, na'ura ma za ta ruɗe. A kuma ba na'urar ayyuka na gaske masu yawa, da irin maganar mutanenmu, a ƙirga sau nawa ta ɗauki kayan da ba shi ba.

Akwai abin da ya fi wannan tsoro. A watan Afrilu na 2025 masu bincike na Invariant Labs sun nuna cewa mugu yana iya ɓoye umarni cikin bayanin kayan aiki, na'ura ta karanta ta bi, har ta fitar da sirrin mai ita bai sani ba. Ke nan rashin duba bayanin nan ƙofa ce a buɗe ga ɓarawo.

Matasanmu masu haɗa manhaja a Yamai, Damagaram da Tawa, da ku nake. Ranar da kuɗin talaka za su bi ta hannun ɗan aiken nan tana tafe, kuma tun ran gini ran zane. Mu kuma masu amfani, duk wanda ya zo mana da manhaja ya ce tana aiki da kanta, mu tambaye shi wa ya karanta bayanin kayan aikinta, kuma sau nawa aka gwada ta da Hausa.

Allah ya sa mu dace.