Ba Faransa Kaɗai Ake Samun Ilimi Ba

'Yan'uwa, wata al'ada ta shigo mana a Pissy da Zangon Wagadugu, tana kuwa damuna. Yaro ya gama sakandare, sai uba ya sayar da fili domin a kai shi Faransa, sai ka ce jami'ar da ke garinmu tun 1974 ba makaranta ba ce.

Ku dubi mutumin da jami'ar nan take ɗauke da sunansa. Gaskiya ne Joseph Ki-Zerbo ya yi karatu a Sorbonne. Amma a 1958, sa'ad da Faransa ta kwashe ma'aikatanta daga Gine, can ya tafi ya koyar. Shi ne kuma babban sakatare na fari na CAMES, hukumar da aka kafa a 1968, mai mazauni a nan Wagadugu, domin digirin da aka samu a Yamai ko Dakar ya karɓu a sauran ƙasashen da ke cikinta.

A 2023 Faransa ta dakatar da ba ɗaliban Burkina, Mali da Nijar biza. Wanda ya riga ya sayar da fili fa, ina zai nufa? Ga makarantar 2iE nan, 'ya'yan Kamaru da Cadi suna zuwa koyon aikin injiniyan ruwa, mu kuwa idonmu yana ƙofar jakadanci. Kafin ka taɓa filin gado, je ka ofishin hulɗa da ƙasashen waje na jami'ar, ka tambayi yarjejeniyarta da jami'o'in maƙwabta.